Kawu da Ɗakin da Babu Hotonsa

Mutanen da suka zo jana'izar Kawu a Madakiya sun rarrabu wajen zama, amma zancensu ɗaya ne. Matan zumunta da ankonsu suna cikin gida suna waƙa, dattawan ikilisiya suna kan benci a inuwar mangwaro, abokan mahaifina, Baba, na kasuwar citta ta Kafanchan kuma an shimfiɗa musu tabarma a jikin katanga. Ni ce mai kai ruwan sha tsakaninsu, don haka kunnena ya sha labari. Cewa wanda ya ba mu aron Kawu ya karɓi kayansa, wannan kowa ya faɗa da irin bakinsa, wani da Larabci, wani da Hausar coci, wani da yaren gida. Da an gama wannan sai a shiga ainihin hirar, wato irin tambayar da marigayin ya taɓa tsare mutum da ita.

Fasto ya ce shekara da shekaru gabansa na faɗuwa idan ya hango hannun Kawu a sama ranar nazarin Littafi Mai Tsarki. "Muna kan labarin jirgin Nuhu, sai ya ce, Fasto, mutanen nan ai suna girki a ciki, to ta ina hayaƙi yake fita? Na ce, dattijo, ba a rubuta ba. Ya ce, to ai ba a hana tunani ba." Wani Alhaji abokin Baba ya ce shi a tashar mota Kawu ya riƙe shi har mota ta cika ta bar shi, wai sai ya bayyana masa yadda Musulmi ke gane gabas idan ya sauka a garin da bai sani ba. Wani kafinta mai furfura, tsohon ɗalibinsa tun yana koyar da zanen fasaha a sakandare, ya ce bai taɓa jin Kawu ya ce wa yaro ya yi kuskure ba. Sai dai ya daɗe yana kallon zanenka, sannan ya ce, "Ya yi kyau. To, ta ina mutum zai shiga?"

Mama, matarsa, tana zaune a ƙofar ɗaki idonta a bushe. Ta ce ko ranar da zai tafi sai da ya tambayi nas me ya sa ake rataye ledar ruwa a sama, ba a ajiye ta a kan gado ba. Nas ta yi masa bayani, ya ce na gode, yau na ƙaru. Matan da ke kusa da ita suka yi dariya, daga dariyar kuma aka koma kuka.

Ni ma ina da tawa, sai dai tawa ta sha bamban. Tambaya ce ni na yi masa, ya yi ta ja mini rai da amsar har ya tafi da ita. Ita ta sa nake wannan rubutu, don ina tsoron idan na yi shiru, shi da abin da muka soma tare duk za su bi ruwa.

Kawu yayan Umma mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Umma 'yar wannan gida ce, ta auri Baba ta musulunta ta koma Kafanchan, kuma na ji an ce lokacin da dangi suka ɗaure fuska, Kawu ne ya ɗauki akwatinta a ka ya raka ta har tasha. Bai taɓa ba ni wannan labarin da bakinsa ba. Abin da na tashi na gani shi ne buta da darduma a rataye a bayan ƙofarsa, a gidan dattijon ikilisiya, ba mai taɓa su sai mu. Idan za a yanka mana kaza, da kansa zai hau keke ya kai ta wajen wani mahauci Musulmi a bakin titi. Ina cikin aiki zai duba agogo ya ce, "Injiniya, lokacin sujadanka ya yi." Ni ba injiniya ba ce, zanen gine-gine na karanta, na faɗa masa har na gaji. Kuma ni mace ce, wannan ma na faɗa. Hausar Kawu ba ta san mace ba, kowa "ka" ne a wurinsa, har Mama da suka tsufa tare. Idan na ce, "Kawu, ki ake cewa," sai ya ce, "To, ki, ka zo ka ci abinci."

Shekarar da na shiga digiri na biyu, an sa mu shirya tsarin kundi, kowa ya kawo abin da zai bincika ya kuma zana. Ni gidan manomin citta nake so in zana, inda mutum zai kwana da amfanin gonarsa ƙarƙashin rufi ɗaya, citta ba ta ruɓe ba, shi kuma zafi bai dafa shi ba. Malamin da ke duba aikina ya ce kafin in ja layi ko ɗaya, in baza tunanina a kan babban kwali, kowane tunani da da'irarsa, in kuma tattaro gine-ginen da wasu suka riga suka yi masu kama da abin da nake nufi, in liƙa hotunansu, in haɗa masu alaƙa. Ina cikin wannan aka shiga yajin aiki, aka koro mu gida da damina. A gidanmu na Kafanchan babu inda za a shimfiɗa kwali sai an taka shi, Kawu kuwa yana da teburin zane tun na koyarwa, ga gida shiru daga shi sai Mama. Na naɗe kwalina na hau mota zuwa Madakiya.

Ranar da na baza shi, Kawu ya sa tabarau ya zagaya teburin a hankali, hannu a baya. Hotuna ne na gine-gine daga ƙasashe daban-daban, wani na ƙasa, wani na gora, wani na bulo mai huhhuje, na ɗaure su da zare daga ƙusa zuwa ƙusa. Ya ce, "Su wane ne waɗannan?" A makaranta da Turanci muke kiransu, kuma Kawu ya ji Turanci sarai, amma Mama na tsaye a kanmu da ludayi a hannu, shi kuwa ya hana a yi Turanci a gabanta. Na lalubi Hausar ban samu ba, sai bakina ya suɓuce na ce, "Magabatan aikin ne."

Wallahi sai na ga Kawu ya cire hula. A gidan nan ba a ambaton magabata da wasa, don su ne waɗanda ke kwance a bayan gida, waɗanda ake lissafo sunayensu idan za a raba gona. Mama ta matso ta leƙa hotunan ta ce, "Wayyo, duk sun mutu?" Na ce a'a, Mama, gine-gine ne, suna nan tsaye, mutane na ciki. Kawu ya mayar da hularsa ya ce, "Magabaci yana tsaye da ƙafarsa? Wannan ai maƙwabci ne. In ya yi yawa a ce ɗan'uwa." Na yi bayani, na sake yi, na ce kalma ce kawai na ara. Ya ce to ai kalman ne ya faɗi gaskiya, ni ne ban ji ba.

Daga ranar kwalina ya zama bishiyar dangi a idonsa, kuma babu yadda na iya. Ni zaren nan na ɗaura shi ne duk inda na ga gini ya yi kama da gini. Shi kuwa sai ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Wannan zaren, aure ne ko haihuwa?" Na ce Kawu, kama suka yi. Ya ce kama ba dangi ba ne, a kasuwan Kafanchan akwai mai sayar da taya da ake cewa sun yi kama, kuma bai san uwarsa ba. Wa ya haifi wa? Mai wannan ginin ya ga wancan ne ya kwaikwaya, ko kowa ya taso a garinsu sai ni na haɗa su? Haushi ya kama ni, don rabin zarurrukan ban san amsarsu ba. Sai da na koma na bi su ɗaya bayan ɗaya a waya, inda sabis ke kamawa a kan dutsen bayan coci. Ƙarshenta na sayo zare kala biyu, ja na haihuwa, baƙi na aure. Da malamina ya ga hoton kwalin ya ce tsarin ya yi ma'ana, ina na samo shi, na ce a gida.

Ba komai Kawu ya faɗa daidai ba, kada masu makoki su mayar da shi waliyyi. Ya rantse wani gini na ƙasar Indiya jikan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ne, hujjarsa kawai tagoginsu iri ɗaya ne, na kawo masa shekarun gininsu ya ce masu rubutu suna kuskure. Akwai kuma ranar da na je Kafanchan na dawo na tarar ya cire hoton da na fi ji da shi, wanda na kafa a tsakiyar kwali, ya mayar da shi can gefe, ya warware duk zaren da ke jikinsa. Na ce Kawu, wa ya sa ka? Ya ce, "Baƙo ne. Baƙo a bakin ƙofa yake zama sai an san shi." Raina ya ɓaci sosai, aikin mako guda ne ya kwance mini. Na naɗe kwalina na tafi gida ban yi sallama ba, na kuma yi kwanaki ban ɗaga wayarsa ba. Sai ga ɗan acaɓa da kwanon gwaten acca daga Mama, da saƙon baki daga Kawu: wai a gaya wa Injiniya teburi yana tambayarsa. Haƙuri kam bai ba ni ba, ba ya cikin halinsa. Na cinye gwaten na koma.

Da na koma ne ya nuna gurbin da ya bari a tsakiyar kwalin ya ce, "Na mutane duk ka kawo. Ina naka?" Nan ya fara ba ni labarin ɗakin mahaifinsu, kakana da ban riske shi ba. Ɗakin ƙasa ne, amma ba zagayayye ba ne irin wanda na saba gani, siffar ƙwai gare shi. Ana shiga ta gaba inda ake girki da hira, a wuce ta wata 'yar ƙofa zuwa ciki inda gadon ƙasa yake, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa lokacin sanyi. Rumbu kuma a cikin ɗakin yake, a jikin bangon da ya raba gaba da ciki, hayaƙi na ratsa shi yana korar ƙwari. Tsinin jinkar ba a tsakiya yake ba, ya koma baya, ya zauna a saman rumbun. Abin da nake ta nema a ƙasashen duniya ke nan, kwana da ajiya a ƙarƙashin rufi ɗaya. Na ce yana ina, mu je yanzu. Ya ja ni waje ya tsayar da ni ya ce, "Ka tsaya a kansa." Filin shanya ne a tsakar gida, babu ko tubali ɗaya.

Na kira malamina cike da ɗoki, shi kuwa ya sauke ni a hankali. Ya ce irin waɗannan ɗakuna an san da su, amma wannan ɗaya da nake son kafawa a tsakiyar aikina, ina hotonsa, ina ma'auninsa? Ginin da babu shi ba ya shiga kundi da labarin mutum ɗaya. Idan ina so, in samo shaidu biyu da suka zauna a cikinsa, bakinsu ya zo ɗaya, in kuma zana shi cikakke daga daɓe har tsini. In ba haka ba ya tsaya a gabatarwa, layi biyu, a wuce. Da na faɗa wa Kawu sai ya ce waɗanda suka kwana a ɗakin nan saura su biyu a duniya, shi da ƙanwarsa. Idan bai shiga takardana ba, to ya mutu na biyu.

Kawu mai zane ne, amma ya ƙi taɓa fensir. Ya ce a takarda zai yi ƙarya bai sani ba, sai dai a ƙasa, da girmansa na gaske. Ya sa Mama ta tara mana toka, ya riƙa tafiya da sanda yana ja, ni ina binsa da kwano ina zuba toka a kan layin kamar yadda magina ke yi kafin a haƙa tushe. Ba da kai yake tunawa ba, da jiki yake tunawa. Yakan taho yana magana, sai in ga ya sunkuyar da kai a fili babu komai, ya ce nan ne ƙofa. Ya sa ni na kwanta a ƙasa da hijabina inda gadon yake, ya ce in miƙa hannu, inda yatsana ya kai nan ne bango. Da na nemi tsawon ƙofa sai ya nuna tabo a goshinsa, ya ce auna daga nan zuwa ƙasa, ita ta fasa mini. Na ɗauko tef har na auna, sannan na ce, "Kawu, shekararka nawa lokacin?" Ya ce bai kai shiga sakandare ba. Muka kalli juna, Mama da ke tsince wake ta yi dariya har da hawaye. Kaji suna bin bayanmu suna tone layin, ruwa kuma idan ya sauko ya wanke sauran, washegari mu sake.

Shaida ta biyu ita ce Umma, kuma nan aka yi ta. Na ɗauko ta daga Kafanchan, ta sauko daga mota ta dubi tokarmu ta ce, "Wannan ɗakin wa?" Kawu ya ce na babanka. Ta ce babanta bai taɓa kwana a ɗakin da ƙofarsa ke kallon hanya ba, rafi take kallo, ita da ke fita da tulu kullum ita za a gaya wa? Ya ce, "Lokacin kai yarinya ne, ba ka san gabas da yamma ba." Ta ce shi kuma yana makarantar kwana, hutu kawai yake zuwa ya ci ya kwanta. Daga Hausa suka zarce yaren gida, wanda ni ban iya ba sai gaisuwa, murya na hawa, sanda na nuna nan, mayafi na nuna can. Ban taɓa ganin Umma haka ba, matar da a gidanmu ko tsawa ba ta iya ba. Can sai ta karɓe kwanon tokar daga hannuna, ta shiga cikin layin, ta tsuguna a wani wuri ta yi kamar tana hura wuta, ta ɗago ta dubi inda hasken yamma ke faɗowa. Kawu ya tsaya yana kallonta. Ya ce da Hausa, don in ji, "Shi ne daidai. Rafi ne." Ya sa ƙafa ya goge ƙofarsa da kansa.

Zuwan Umma uku ko huɗu muka gama ƙasa: bango, ƙofofi, gado, murhu, gindin rumbu, duk bakinsu ya zo ɗaya, na auna na zana. Saura rufi. Umma ta ce ita daga ƙasa kawai ta san shi, baƙi ƙirin da hayaƙi, mata ba sa hawa. Yadda aka jera gorar, inda aka kafa ta, abin da ya riƙe tsinin da ya karkata baya bai faɗo ba, wannan sai Kawu. Na ce to Kawu, bismilla. Ya ce, "Rufi sai ƙarshe, haka ake gini." Na ce ai mun zo ƙarshen. Ya ce a bari ruwa ya ɗauke.

Na yi ta bibiya yana zillewa. Yau ƙafa ke ciwo, gobe akwai taron dattawa, jibi sai ya juya zancen ya tsare ni da tambayar yadda kwamfuta ke sanin inda inuwa za ta faɗi. Ranar da na matsa masa sosai, muna zaune a kan benci yana ɓare gyaɗa, sai ya ce ko na san wanda ya rushe ɗakin. Na ce ruwa, ko gara. Ya ce, "Ni ne." Shekarar da ya fara koyarwa, yana ji da kansa, ya ga bai dace uban ticha ya kwana ƙarƙashin ciyawa ba. Ya sayo kwano, ya hau da kansa ya kwance jinkar, gora bayan gora, mahaifinsu na zaune a ƙasa yana kallo. Da aka zo ɗora kwanon sai ya ƙi zama, don kwano miƙaƙƙe ne, bango kuwa ƙwai. Aka rasa yadda za a yi, damina ta matso, aka rushe bangon aka yi mai kusurwa huɗu a gefe. Ya ce tsohon ya kwana a sabon ɗakin har ya mutu, kuma kullum yana cewa akwai zafi. "Saboda haka ni na san rufin nan fiye da kowa, Injiniya, hannuna ne ya kwance shi. Ka bari a tone citta, ciyawa ya bushe, zan ɗaura maka ƙarami ka gani da ido."

Na yarda. Aka janye yajin aiki, na koma makaranta da zanen ƙasa cikakke da sama fari fat. Duk sanda na kira shi sai ya riga ni da tambaya, ina magabata, wa ya haifi wa a wannan makon. Idan na ce rufi, sai ya ce ana nan ana shiri. Na yi ta saƙe-saƙe a raina. Wani lokaci in ce kunya ce ke hana shi, wani lokaci in ce so yake in riƙa zuwa, don ya san da an gama rufi an gama da teburinsa. Har na yi fushi na ce wa Umma yayanta yana wasa da karatuna. Aka tone citta, ciyawa ta bushe, ina shirin zuwa hutu sai ga waya cewa an kwantar da shi a asibiti a Kafanchan. Kafin motarmu ta wuce Kujama aka sake kira.

Bayan an watse daga makoki, ina taya Mama kwashe kwanuka, sai ta ce in zo in ga wani abu kafin a share. A bayan ɗakin girki, inda ba a gani daga tsakar gida, akwai wani ɗan bango na laka mai siffar ƙwai, tsawonsa bai wuce gwiwa ba. Gefensa tarin karan dawa ne da tsagin gora, wasu a ɗaure da igiya, wasu a karye, tari a kan tari. Mama ta ce tun da na koma makaranta kullum da safe nan yake zuwa da kujerarsa. "Ya ɗaura, ya faɗi. Ya ɗaura, ya faɗi. Na ce masa ka gaya wa yarinyan nan ka manta mana. Ya ce bai manta ba, hannunsa ne bai tuna ba tukuna." Ta ce har wajen wani tsoho ya je a ƙauyen gaba, ya tarar shi ma ɗan zamanin kwano ne. Na tsuguna na ɗaga karan ɗaya bayan ɗaya ko zan gane inda ya dosa, ban gane komai ba. A nan na yi kukan da ban yi ba a gaban mutane, kuma har da haushi a ciki, don da ya faɗa mini da mun zauna mun yi ta faɗuwa tare.

Malamina ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ba ni shawara ta gaskiya. Ya ce akwai hotunan wasu ɗakuna masu kama da wannan a tsofaffin littattafai, in ari rufin ɗaya in ɗora da ɗigo-ɗigo, in rubuta cewa hasashe ne, ba wanda zai ce na yi laifi. Na gwada, ya kuma zauna daram, ya yi kyau. Amma duk sanda na kalle shi sai in ga rufin maƙwabta ne a kan ɗakin kakana, na goge. Ranar kare tsarin kundi na kafa kwalina a gaban malamai, ɗakin yana tsakiya, bango da rumbu da gado, sama a buɗe. Wata malama ta ce ina rufin. Na ce mutum ɗaya ne ya san shi, ya manta, ya yi ta ƙoƙarin tunawa har ya rasu. Suka yi 'yar muhawara a tsakaninsu, wani ya ce bai cika sharaɗi ba, ita kuma ta ce to ai ga abin binciken nan, a nemo yadda irin wannan rufi ke tsayuwa. Aka bar shi a tsakiya. Allah ya ba Mama da Umma haƙurin rashin Kawu, ni ma ya ba ni, don har yau idan na ja layi sai in ji kamar za a tambaye ni dalili.

Da na zo gida na buga zanen a babbar takarda na kai wa Umma. Tana zaune a kan tabarma bayan la'asar, ta shimfiɗa shi a cinya, ta bi bangon da yatsa, ta shiga ta ƙofar da ke kallon rafi, ta tsaya a murhu, ta wuce ciki ta dafa gadon. Sannan ta kai yatsa sama inda babu komai, ta daɗe a wurin. Ta yi wata magana a hankali da yaren gida, ba da ni take ba. Na ce, "Umma, me kika ce?"

Ta ce, "Cewa na yi ruwa zai shiga."